Man Gas na Gidan Mai, na Jarka da na Daji: Wanne Ya Dace da Tankin Motarka?

Direbobin tirela gas suke ce masa, 'yan boko su ce dizal, mutanen Maraɗi da Damagaram kuma gazuwal. A takardar lodi AGO za ka ga an rubuta. Duk mai ɗaya ake nufi, amma abin da ke shiga tankin mota da wannan suna yana da bambanci ƙwarai daga wannan famfo zuwa wancan. Kasuwar Arewa iri huɗu take da shi: na manyan gidajen mai masu ciniki, na ƙananan gidajen mai na bakin hanya, na jarka a hannun 'yan bumburutu, da wanda aka dafa a daji a yankin Neja Delta aka sulalo da shi. Wannan sharhi a kan su huɗun ne. Hukuncinmu tun daga farko: na farkon ne kaɗai ya cancanci a zuba wa motar zamani ido rufe, shi ma ba kullum ba.

Kafin a yi maganar mai, sai an san injin da zai sha shi, domin man da wata mota za ta haɗiye ta wuce shi ne zai kwantar da wata. Tsofaffin injina masu famfon ƙarfe zalla, irin 1HZ na Land Cruiser, da na Marsandi 911, da tarakta Massey Ferguson 375, nozul ɗinsu yana buɗewa ne a matsin da bai cika wuce bar 250 ba. Suna da haƙuri. Injinan zamani na kwaman-rel kuwa, masu bututu ɗaya mai matsi da ke ciyar da duka injektoci, irin 2KD da 1GD na Hilux da yawancin DAF da MAN da Howo na baya-bayan nan, suna matse mai daga wajen bar 1,600 har sama da 2,000. Tayar ƙaramar mota ba ta kai bar 3 ba, ka kwatanta. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan cikin injekta irin wannan maikiron biyu ce zuwa uku, alhali kaurin gashin kai ɗaya ya kai wajen maikiron 70. Ƙurar da ido ba ya gani, idan ta bi ta wannan ƙofa da wannan matsi, aikin yashi take yi. Sannan famfon da injektocin ba su da wani man shafawa sai gas ɗin da ke bi ta cikinsu. Idan man ya rasa santsi, ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Ma'aunin da masu ƙera waɗannan injina suka fi dogara da shi shi ne na Turai, EN 590. Ya ce nauyin mai ya kasance tsakanin giram 820 da 845 a kowace lita idan zafinsa digiri 15 ne. Lambar siten, wato saurin kama wutar man da zarar an fesa shi cikin iska mai zafi, kada ta gaza 51. Tururinsa kada ya kama wuta sai zafi ya haura digiri 55. Ruwa kada ya wuce miligiram 200 a kilo ɗaya. Wannan na ƙarshe ya kamata mai mota ya riƙe: a tankin lita 80, duka ruwan da aka yarda da shi bai wuce cokalin cin abinci ɗaya ba. Wanda ya taɓa ganin an kwance matarar ruwa ta filta an tsiyayo rabin kofi ya san nisan da ke tsakanin takarda da abin da ake sayarwa.

Sai salfa, wato farar wuta. Turai ta tsaya a kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Nijeriya ta daɗe tana karɓar mai kashi 3,000 cikin miliyan, ninki 300 ke nan, kuma wannan gibi ne ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa a rahotonta na 2016 kan man da ake haɗa wa Afirka ta Yamma musamman. A 2020 ministocin ECOWAS suka amince da kashi 50 cikin miliyan. Matatar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da dizal a 2024, kuma a watan Yulin shekarar aka yi taƙaddama a bainar jama'a tsakaninta da hukumar NMDPRA mai kula da tacewa da rarraba mai a Nijeriya kan yawan salfa a man gida da na waje. Abin da ya shafi mai mota a nan shi ne wannan: salfa idan ta ƙone takan haɗu da danshi ta zama asid, asid ɗin ya sauka cikin baƙin mai ya cinye ƙarfinsa kafin lokaci, ya kuma ci ringi da bangon silinda a hankali. Motocin Beljiyam da aka ƙera wa Turai daga wajen 2009 zuwa sama suna da matatar hayaƙi a salansa, DPF, wadda mai mai yawan salfa ke toshewa. Ba a gane salfa da ido ko da hanci a bakin famfo, sai a ɗakin gwaji. Kariyar da ke hannunka ita ce juye baƙin mai da wuri, kilomita 5,000 maimakon 10,000 idan ba ka da tabbacin inda man da kake sha ya fito. Akwai kanikawan da ke cewa tsohon inji yana son salfa saboda santsi. Ba salfar ce ke ba da santsin ba, wasu sinadarai ne da ke fita tare da ita wajen tacewa, kuma matata mai bin ƙa'ida tana mayar da madadinsu kafin ta sayar.

Duk da haka, a garejin masu gyaran injekta ba salfa ce ke kawo yawancin aiki ba. Ruwa ne da datti da algus. Salfa kisan mummuƙe take yi cikin shekaru, ruwa kuwa a mako guda yana iya gamawa da famfo.

Manyan gidajen mai masu ciniki

Gidajen manyan kamfanoni irin NNPC da TotalEnergies da sauran masu rassa da yawa, da na manyan 'yan kasuwa masu zaman kansu da ke da tankokinsu na dako, su ne zaɓi na farko. Dalilin ba fenti ba ne ko girman allo. Mai yana fita da sauri, ba ya kwana watanni a tankin ƙasa yana tara raɓa. Suna da takardar lodi mai nuna daffon da aka ɗauko man, tare da takardar ingancinsa, kuma suna da sunan da suke tsoron ɓatawa. Wurin da ya san aikinsa yana auna tankinsa kowace safiya da sandar awo da aka shafa wa maganin gano ruwa a ƙasanta. Sanannen irinsa Kolor Kut ne, launinsa ruwan ƙasa-ƙasa, da ya taɓa ruwa sai ya koma ja. Mai sayen lita ɗari biyu ko ɗari uku yana da haƙƙin ya ce manaja ya yi wannan awo a gabansa, ba ya ɗaukar minti biyar. Yadda manajan ya karɓi wannan buƙata ma labari ne.

Inda suke da rauni: allon kamfani ba ya hana dillalin da ke riƙe da wani reshe ya sayo mai ta bayan fage. Kuma man da ya taso daga Legas ko Warri ko Fatakwal sai ya yi tafiyar kilomita dubu ko fiye a bayan tanka kafin ya iso Kano ko Maiduguri, tunda matatar Kaduna ta daɗe ba ta ciyar da daffo-daffon Arewa. A kwanakin nan na hanya ana iya rage mai a cike gurbin da wani abu, kuma tankar da ta yi dakon fetur jiya tana iya ɗaukar gas yau ba tare da an tsiyaye ta sosai ba. Saboda haka reshe ake zaɓa, ba kamfani ba. Duba inda motocin kamfanonin gine-gine da na asibitoci da manyan bas-bas ke shan mai a garinku. Masu motoci ashirin ko talatin ba sa komawa inda aka taɓa ƙona musu injekta.

Ko a gidan mai na kirki, idan ka tarar tanka tana juye gas, wuce. Man da ke zuba da ƙarfi yana tayar da laka da ruwan da suka kwanta a ƙasan tankin, famfo kuma ya miƙo maka su. A ba shi sa'o'i, in da hali sai washegari. Haka nan idan aka ce man ya kusa ƙarewa, kada ka zama mai kwashe ƙarshen tukunya. Da damina a ƙara kula da gidan man da harabarsa ke tara ruwa bayan an ɗauke ruwan sama, domin murfin tankin ƙasa a nan harabar yake.

Ƙananan gidajen mai na bakin hanya

Waɗannan sai a hankali. Akwai masu gaskiya a cikinsu da yawa, kuma a wasu hanyoyin, kamar tsakanin Potiskum da Damaturu ko Gusau da Sakkwato, wani lokaci babu wani zaɓi. Matsalarsu ta fi yawa daga rashin ciniki. Fetur ne abincinsu, gas kuwa sai ya yi wata biyu ko uku a tanki rabi. Tankin da ba a cike yake ba yana shaƙar iska da dare, danshin ya zama raɓa a bango ya gangara ƙasa. A iyakar da ke tsakanin ruwan da man wasu ƙwayoyin halitta ke rayuwa, su ne ke haifar da baƙin yauƙin nan mai kama da majina da ake samu a filta. Ƙara da tsatsar tsohon tanki. Mai gidan bai yi algus ba, amma abin da ya sayar maka ya lalace a hannunsa.

A irin wannan wuri ka sayi abin da zai kai ka babban gari kawai, kuma ka fara da kwalba kafin tanki. Idan farashinsa ya yi ƙasa da na maƙwabtansa da yawa, tambaya ta taso. Gas ba shi da tallafi, kowa daga daffo yake saye a kusan kuɗi ɗaya, ya biya dako, ribar lita kuma ba ta da yawa. Wanda ya sauke farashi da kashi goma cikin ɗari ba daga aljihunsa yake cikawa ba. Ko litarsa ba ta cika, ko man ba shi ne ba.

Na jarka

'Yan bumburutu a wuraren da manyan motoci ke kwana, irin Tafa da Mararrabar Jos, da kuma garuruwan kan iyaka, suna sayar da mai daga tushe daban-daban a jarka iri ɗaya. Wani ragowar da direba ya zuƙo daga tankinsa ne, wani tsiyayar tanka ce bayan an juye, wani an tsallako da shi daga wata ƙasa. A Nijar gazuwal na fitowa daga matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, kuma a gidan mai na hukuma abu ne da aka san asalinsa. Da zarar ya shiga jarka ya bi hanyar daji a bayan babur, hukuncinsa ya zama na jarka. Ko da man na asali ne, jarkar jiya manja ko fetur ko ruwa ta ɗauka, mazurarin yana ajiye a ƙasa cikin ƙura, ƙyallen da ake tacewa da shi kuma tsakuwa kawai yake tarewa. Ga tsohon inji da ya tsaya a daji, lita goma ta jarka ta fi kwana a hanya. Ga kwaman-rel, kuɗin janwe ya fi sauƙi a kan kuɗin injekta huɗu da famfo.

Na daji

Wannan babu wani yanayi da za mu ce a saye shi. Ɗanyen mai ne da aka fasa bututu aka sata, aka dafa a tukunyar ƙarfe a kan wuta, ana tarar abin da ya fito ba tare da ma'aunin zafi na kirki ba. Matata tana yanke gas a tsakanin zafi sananne, ta raba shi da mai sauƙi da mai nauyi. A daji duk suna cakuɗe. Ɓangaren mai sauƙin yana sauko da zafin kama wuta har man ya zama haɗari a ajiye, mai nauyin kuma ba ya ƙonewa duka, sai ya zama gawayi a bakin nozul da kan fistin. Yawanci launinsa ya fi duhu, yana da ƙauri kamar na abin da ya ƙone, kuma yakan bar baƙi a ƙasan kwalba. Masu sayar da shi sun san haka, shi ya sa suke sirka shi da mai kyau har launin ya gyaru, sannan su kai wa masu janareto da ƙananan gidajen mai a farashi mai daɗi. Ban da ɓarnar inji, mallakarsa laifi ne.

Salon algus ma ya canza. Lokacin da kananzir ke da tallafi, ana sayar da shi naira 50 a hukumance, shi ake tuttulawa cikin gas. Yanzu da kananzir ya yi tsada, an fi haɗa abu mai sauƙi da mai nauyi, misali fetur ko kondenset, wato mai marar nauyi da ke fitowa tare da iskar gas daga rijiya, da tsohon baƙin mai, domin nauyin ya dawo daidai da na gas. Wannan haɗi ya fi na kananzir muni. Kashi biyu ko uku cikin ɗari na fetur sun isa su sauko da zafin kama wuta ƙasa da zafin rana na watan Afrilu a Sakkwato.

Gwajin da mutum zai iya yi da kansa

Kwalbar gilashi fara, busasshiya, mai faɗin baki, ita ce kayan aiki mafi amfani da direba zai ajiye a mota. Robar ruwan sha ba ta kai ta ba, domin da wuya ta bushe sarai, kuma jikinta yana ɓoye hazo. A tari rabin lita daga bakin famfon da za a zuba maka, a ɗaga ta a hasken rana. Mai kyau garau yake, kana iya karanta rubutun jarida ta bayansa. Idan ya yi dishi-dishi kamar hazon hunturu, ruwa ne ke yawo a ciki. A juya kwalbar har man ya yi guguwa, duk wani datti zai taru a tsakiyar ƙasa inda za a gan shi. A ajiye minti goma zuwa sha biyar: ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a ƙasa kamar ƙananan duwatsun wuya ko siririn layi.

Launi shi kaɗai ba hujja ba ne, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Gas na gaskiya yana iya zama fari-fari kamar ruwa, ko ruwan ɗorawa, ko mai ɗan kore-kore, ko kalar shayi marar kauri, gwargwadon ɗanyen man da matatar. Abin gudu shi ne duhun da haske ba ya ratsawa, da launin da ya rabu biyu bayan an ajiye.

Sai farar takarda. A ɗiga ɗigo ɗaya a bar shi a inuwa. Gas zalla yana barin tabon maiƙo mai launi ɗaya wanda ke daɗewa bai bushe ba. Idan tabon ya ɓace da sauri, akwai abu mai sauƙi da yawa a ciki. Idan ya bar baƙin zobe ko ɗigo-ɗigon baƙi a tsakiya, akwai tsohon baƙin mai ko gawayi. A murza kaɗan tsakanin yatsa biyu: ya kamata a ji santsi. Wanda ya bushe nan take ya bar yatsa da sanyi da fari-fari, akwai fetur ko kananzir. Hanci ma yana aiki, warin fetur ba ya ɓuya ga wanda ya saba. Wasu suna gwadawa da ashana, su ce gas na gaske ba ya kamawa. Maganar tana da tushe, amma idan man gauraye ne fuskar mai gwajin ce a kusa, don haka a bar wannan.

Masu saye da yawa su nemi haidiromita, wato ma'aunin nauyin mai, mai awo daga 800 zuwa 900, da ma'aunin zafi. Dole a haɗa su biyun, domin nauyin gas yana raguwa da kusan giram 0.7 a lita kan kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru. Man da nauyinsa 835 ne a digiri 15, idan ka auna shi da rana yana digiri 35, wajen 821 za ka gani. Wanda bai san wannan ba sai ya zargi mai gaskiya. A ƙara 14 a kan abin da aka karanta a irin wannan zafi, sannan a kwatanta da abin da ke takardar lodi. Bambancin da ya wuce maki uku ko huɗu yana nufin abin da aka loda ba shi aka kawo ba. Amma a san iyakar wannan awo. Kananzir wajen 800 yake. Idan aka zuba kashi 20 cikin ɗari a gas mai 835, sakamakon 828 ne, yana cikin ƙa'ida sarai, alhali santsin man ya riga ya ragu. Haɗin sauƙi da nauyi kuwa don a yaudari wannan ma'auni aka ƙirƙire shi. Amfanin haidiromita yana wajen kwatanta da takarda, ba wajen karanta lamba ita kaɗai ba.

Cikar lita kuma ana gane ta da jarkar da ka yi wa alama da kanka. Kada ka dogara da rubutun jikinta, jarkar lita 25 tana ɗaukar fiye da haka idan aka cika ta har wuya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka a ɗora jarkar a sikeli, a zuba ruwa kilo 20, a ja layi, a zubar, a kife ta a rana har ta bushe ƙarƙaf. Duk famfon da ya nuna 20 bai kai layin ba, ka san abin da ake ciki.

Idan an riga an zuba

Inji yana faɗin abin da ya sha, yawanci cikin kilomita hamsin na farko. Wahalar tashi da safe tare da ƙara kamar ana buga guduma da farin hayaƙi mai yaji a ido alama ce ta ƙarancin siten. Farin hayaƙi da shaƙewa da mutuwa a silo sun fi nuna ruwa. Baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi suna nuna mai nauyi ko nozul da ya fara toshewa, kodayake a fara duba filtar iska, musamman da hunturu, kafin a ɗora wa mai laifi. Motar da ke tafiya lafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya amma ta kasa numfashi a Hawan Kibo da kaya, sau da yawa filtar mai ce ta cika, tana barin kaɗan ya wuce amma ba abin da hawa ke buƙata ba. Fitilar matarar ruwa idan ta kama a dashbod, tsayawa ake yi a lokacin, ba a bari sai an isa. A kwance ƙaramin famfon da ke ƙasan filta, a danna famfon hannu na sama har ruwan ya ƙare gas zalla ya fara fita, a ɗaure.

Idan ruwan ya dawo bayan ɗan tafiya, tankin ne ya ɗauka, sai an sauke shi an wanke an busar, an hura layukan, an sa sabuwar filta. Tsarma gurɓataccen mai da mai kyau dabara ce ta tsohon inji, a kwaman-rel asara ce biyu. In kuwa fetur aka zuba bisa kuskure, ko makulli kada a murɗa, domin a motoci da yawa murɗawar farko ke tayar da famfon tanki ya tura man cikin layi. A tura motar gefe a zuƙe tankin. Kuma kada a bar bakanike ya sassauta bututun injekta na kwaman-rel inji yana aiki don ya fitar da iska kamar yadda ake yi wa 911. Man da ke fita a wannan matsi yana huda fata ya shiga nama.

Filta ita ce mai gadin ƙofa, kuma a nan ne rowa ta fi tsada. Ta kwaman-rel tana tare abin da ya kai maikiron 2 zuwa 5. Jabun da ke cika kasuwa kwalinsu iri ɗaya ne da na asali, amma takardar ciki ba ta tare ko rabin haka, wasu ma tana yagewa. A saya wurin dillalin da aka sani, a kuma canza a rabin tazarar da littafin mota ya faɗa, mu dai kilomita 10,000 muke ganin ya dace da man da ke kasuwarmu. Mai yawan tafiyar karkara ya ƙara filta ta biyu mai kofin gilashi a ƙasa, ta maikiron 10 zuwa 30, kafin ta asalin, yadda zai riƙa ganin ruwa da idonsa kowace safiya. Wajen sa sabuwa, kada a cika ta da gas daga jarka don mota ta yi saurin tashi, wannan man yana wucewa injekta ne ba tare da an tace shi ba. Famfon hannu aka yi domin wannan. Tsohuwar kuma a yanka ta a duba: baƙin yauƙi na nufin ƙwayoyin halitta a tanki, jan gari tsatsa ce, ƙyalƙyalin ƙarfe kuwa famfo ne ya fara cin kansa, a tsayar da motar kafin garin ya isa injektoci.

Magungunan da ake sayarwa a ƙananan kwalabe suna da iyaka. Na ƙara siten da na wanke injekta daga kamfani sananne suna ɗan taimakawa, na kashe ƙwayoyin tanki ma yana aiki idan an fara cire ruwan. Babu wanda ke mayar da gurɓataccen mai ya zama mai kyau. A guji masu sinadarin barasa da ake cewa suna shanye ruwa, domin ɗauke ruwan suke yi su tsallake da shi matara su kai shi inda ba a so. Zuba baƙin mai ko man giya a tanki don ƙara santsi al'ada ce ta zamanin tsofaffin famfuna, a injin zamani toka yake bari a bakin nozul ya kuma toshe DPF.

Mai ajiye gas a gida ko gona ya yi amfani da duro na baƙin ƙarfe ko roba mai kauri da aka yi don mai. Duro mai rufin zinki da bututun jan ƙarfe suna lalata gas. A ajiye a inuwa, a ɗan karkace shi yadda ruwa zai taru a gefe guda, a bar shi kwana ɗaya bayan an kawo kafin a fara ɗiba, kuma tiyo kada ya taɓa ƙasa, a bar kamar taƙi ɗaya. Cikin wata shida a shanye shi. Tankin mota ma gara ya kwana a cike, musamman da damina da kuma wurare masu sanyin dare irin Jos da Mambila.

Duk sayen da ya kai lita ɗari, a karɓi rasit mai kwanan wata da sunan gidan man, a kuma tari rabin lita a kwalba mai murfi a gaban mai zubawa, a rubuta rana da wuri a jikinta, a ajiye har tankin ya ƙare. Idan inji ya sami matsala, wannan kwalba da rasit ɗin su ne za a kai ofishin NMDPRA na jiha ko hukumar kare masu saye ta FCCPC a nemi a gwada. Man da aka zuƙo daga tankin mota bayan kwana uku ba ya tsayawa shaida, domin mai gidan man zai ce ya haɗu da wanda ka saya a wani wuri.